Ranar da Aka Sace Muryar Kawu Sale

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safiyar wata Talata aka sace wa Kawu Sale murya. Na san lokacin daidai ne saboda daga baya na ɗauki wayarsa na duba saƙon da ya jawo mana abin. Da na faɗa masa, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke, Dakta! Ni da aka yi wa satar ban duba agogo ba, sai ke da kike Ngaundere?"

Amma in na fara da labarin satar na yi wa Kawu rashin ladabi. Shi a rayuwarsa bai taɓa fara magana da abin da ya kawo shi ba. Ku da kuka zauna da shi a kasuwar Garwa kun san haka, wasunku ma har yanzu ƙafarsu na ciwo saboda tsayuwar da ya sa su.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, dillalin gyaɗa da wake da masara. Yana saye a hannun manoma, yana lodawa zuwa kudu. Na zo gidansa daga Bogo don in yi lise, wato sakandare, lokacin matarsa Inna Hajara ta riga ta rasu, 'ya'yansa kuma ɗaya yana Duwala, ɗaya yana Kano. Gidan ya rage ni da shi da wata akuya. Sunana Habiba, amma tun ranar da ya gan ni ina cin tuwo da littafi a buɗe a cinya ya sa mini Dakta. Ni ba mai magana ba ce. Shi kuwa maganarsa ta ishi mutum biyu, don haka muka zauna lafiya.

Gaisuwa ita ce sana'arsa ta gaskiya, gyaɗa ta biyo baya. In ka tsaya a bakin shagonsa, sai ya tambayi kwananka da gajiyarka, sannan ya bi iyalinka ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ya gangara kan ƙafar surukarka da ta kumbura bara, ya ƙare a kan tunkiyarka da ta yi ɓari. In Bafulatani ne kai, ya yi maka da Fillanci tun daga "Jam na?", in ya gama ya sake da Hausa.

"Kawu, ai ka riga ka tambaye shi," na taɓa ce masa a hankali.

"Da Fillanci na tambaya. Wa ya sani ko wani abu ya zube a hanya?"

Kun tuna ranar da wuta ta kama rumbun maƙwabcinsa Malam Buba mai barkono? Malam Buba ya tafi Pitowa cin kasuwa, Kawu ne ya kira shi. Ina tsaye kusa da shi riƙe da bokiti, mutane na ta gudu da ruwa, kowa na tari.

"Malam Buba, ina wuni? Ina gajiya? Ya hanya? Ya Dija, ya haƙoran yaron nan, sun fito? To madalla. Ya tsohuwa? Allah ya ƙara sauƙi. To, dama rumbunka ne yake cin wuta."

Har daga inda nake na ji ihun Malam Buba. Da ya dawo, an kashe wutar, rabin barkonon ya tafi, ya zo yana huci.

"Haba Alhaji! Da ka fara da wutar mana!"

"To da na fara da ita, da ka tashi sama ka zo?" in ji Kawu. "Ai gara ka fara jin iyalinka na nan lafiya, sannan ka ji na barkono."

Malam Buba ya nemi buhu ya zauna. Daga ƙarshe shi ne ma ya yi godiya.

Ga Kawu da tsimi. Wayarsa ta farko mai maɓallai ce, an ɗaure ta da robar tayar keke, in za a amsa kira sai an matse ta a tsakiya kamar ana tatsar lemo. Sai da masu sayen kayansa na kudu suka ce ba za su ƙara saye ba in ba su ga hoton gyaɗa ba, sannan ya yarda ɗansa na Duwala ya aiko masa da babba. Ko a cikinta bai yarda ya ajiye lambar kowa ba. Duk a kansa suke.

"In waya ta faɗa rijiya fa?" ya ce. "Kaina bai taɓa faɗawa ba."

Ni ce na zauna na yi masa bayanin cewa yanzu ɓarayi ba sai sun fasa ƙofa ba, ta cikin waya suke shiga. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai. Washegari na zo shago na tarar ya sayo akwatin ƙarfe da wani ƙaton kwaɗo. Daga ranar, in zai tafi masallaci, ko zai ci abinci, ko zai ɗan kishingiɗa a kan buhuna, sai ya saka wayar a ciki ya datse, ya rataya makullin a wuya.

"Kawu, ba ta nan suke shiga ba."

"To ta ina? Su zo su gwada in gani."

Lambar sirri kuwa, ni na zaɓa masa mai wuya, na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Kafin la'asar Hamadu mai shayi ya san ta, Malam Buba ya san ta, har da mai ɗinkin buhu. Da na yi ƙorafi, Kawu ya yi mamakina.

"Dakta, sirrin da mutum ɗaya kawai ya sani, in ya manta fa? Na ba su ajiya ne."

Abin da ya sa ya ƙaunaci sabuwar wayar shi ne saƙon murya. Ranar da na nuna masa yadda ake danna alamar a riƙe, a yi magana, a saki, ya tambaye ni sau da yawa ko da gaske ne ba a cin kuɗinsa kamar na kira.

"Kuma ba wanda zai ce mini 'Alhaji, yi sauri, kati zai ƙare'?"

"Babu."

Ya washe baki, kamar wanda aka yi wa albishir da Makka. "Ashe akwai inda mutum zai yi gaisuwa ba a katse shi."

Daga nan fa aka shiga uku. Manoma a Ngong, direbobi, mata masu sayen wake a Yawunde, kowa ya tashi da safe ya tarar da Kawu a wayarsa. Wata ta gaya mini takan kunna saƙon ta ajiye, ta yi wanke-wanke, ta dawo daidai inda yake faɗin farashi.

Da na tafi karatu Ngaundere, ni ma na shiga layi. Sai dai ni ba ni da miji, ba ni da yara, kuma Kawu ya san ban iya yin ƙawaye ba. Ɗakina ƙarami ne, taga ɗaya, sanyi kamar a cikin randa. Ya rasa wanda zai tambaya, sai ya koma kan kayan ɗakin. "Dakta, ina kwana? Ina gajiyar karatu? Ina littattafai? Ina butar shayi, ta daina yoyo? Ina ƙadangaren taga?" Na taɓa gaya masa akwai wani ƙadangare mai jan kai da yake zuwa shan hantsi a tagata. Shi ke nan, ƙadangare ya zama ɗan gida. Kowane saƙo kuma da abu ɗaya yake rufe shi: "Ki ci abinci." Akwai makonnin da, in ka cire malamai a aji, muryar Kawu ce kaɗai take kiran sunana, ko da yake ba sunan nawa ba ne.

To, mu dawo ranar Talata. Hamadu mai shayi ne ya ba ni labari, yana wurin. Wani ya kira Kawu, ya ce shi babban mai saye ne daga kudu, an ba shi lambarsa. Kawu ya fara gaisuwa, mutumin ya amsa duka, bai gaji ba. Sannan ya juyo ya fara gaida Kawu: gida, yara, kasuwa, jiki. Har ya ji kukan akuya, don ranar Kawu ya zo da ita shago, ya tambayi lafiyarta. Hamadu ya ce fuskar Kawu har sheƙi take yi. A ƙarshe mutumin ya ce zai saka Kawu cikin rukunin manyan dillalai, wasu lambobi za su shigo wayarsa yanzu, ya karanto masa su.

Hamadu ya ce, "Alhaji, anya? Ba irin wannan Dakta ta hana ba?"

Kawu ya rufe bakin wayar da hannu. "Hamadu, mutumin da ya tambayi akuyata ba ɓarawo ba ne."

Ya karanta. Kafin azahar manhajar saƙonnin ta rufe a wayarsa, ta buɗe a hannun wani, da duk mutanensa da duk gaisuwar da ya taɓa yi.

Da farko rubutu suka riƙa turawa da sunansa, ba wanda ya kula, don kowa ya san Kawu ba ya rubutu. Sai kuma aka fara samun murya. Muryar Kawu sak, da ɗan kaurin nan nata, da yadda yake jan "to". Wani ɗan ajinmu mai karatun kwamfuta ya yi mini bayani: akwai na'urar da in ta saurari mutum ta ishe, sai ta riƙa faɗin duk abin da aka rubuta mata da muryarsa. Ya ce ɗan kaɗan ma ya ishe ta. Na tuna tulin saƙonnin Kawu, na ce a raina, wannan na'ura ta ci ta ƙoshi har ta yi gyatsa.

Muryar takan ce, "Ni ne Sale, na canja lamba, ajiye wannan." Bayan kwana biyu ta dawo da buƙata. Wata mata a kudu ta tura kuɗin wake inda aka ce mata. Wani manomi a Ngong ya loda buhunan gyaɗa a motar da muryar ta ce tata ce, ba a sake ganin motar ba.

Na taho Garwa a guje. Na kunna wa Kawu saƙon da aka tura wa matar nan ta kudu, Madam Roza, ina tsoron kada zuciyarsa ta buga. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Sannan ya miƙe tsaye.

"Bai gaishe ta ba!"

"Kawu, kayan mutane aka—"

"Na ji na kaya. Ɓarawo dama sata yake yi, aikinsa ne. Amma ya shiga bakina ya ce wa Madam Roza 'turo kuɗi' ko ina kwana babu? Me za ta ce a kaina?"

Ya nace sai ya yi wa ɓarawon magana. Na hana, ya ƙi. Da wayar Hamadu ya tura saƙo zuwa ga tsohon asusun nasa, yana kallon hotonsa da hularsa a sama. Ya gyara murya. "Salamu alaikum. Ban san yadda zan kira ka ba, tunda sunana ne a hannunka. Ina wuni? Ina gajiya? Iyayenka suna raye? To ka gaishe su, ka ce musu ba su gama aiki ba."

Mun yi ta zirga-zirga a ofisoshi har aka rufe asusun, aka buɗe masa sabo. Amma muryar ta riga ta fita, tana yawo daga wannan lamba zuwa waccan. Na gaya wa kowa ƙa'ida mai sauƙi: in babu gaisuwa, ba Kawu ba ne. Ta yi aiki na ɗan lokaci. Sai ɓarayin suka gane, suka koya wa na'urar gaisuwa. Ranar da ta tambayi Malam Buba "ya tsohuwa", alhali Kawu da kansa ya sa tsohuwar a kabari, Malam Buba ya zo shago ya zauna ya sunkuyar da kai. Kawu ko gaishe shi bai iya yi ba. Ban taɓa ganin su haka ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya karya shi. Mutane suka daina amsa masa. Ya kira wani direba da suka yi shekaru suna aiki tare, na ji da kunnena.

"Salamu alaikum, Usmanu, ni ne Sale, ina—"

"Haka wancan ma ya ce." Ƙit.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya yi 'yar dariya. "Dakta, kin ga an kai ni matsayin jabu."

Ya hau bayan moto, babur ɗin haya, da tsufansa, ya bi Ngong da Pitowa da ƙauyukan da ke tsakani, gida gida, don su gan shi da ido. An karɓe shi da mutunci, an ba shi ruwa. Amma na kudu ba a isa wurinsu da moto, kuma su ne kasuwar. Shago ya yi shiru. Buhuna suka ragu har ana ganin bango. Wayar ta riƙa kwana da wuni a cikin akwati, ba don tsaro ba, don ba mai kira. Na koma makaranta, saƙonninsa gare ni suka ƙara tsawo. Ina jin duk gaisuwar da ya rasa inda zai kai, mu da ƙadangare muke karɓa.

Ranar da ya rasu ina cikin jarrabawa, wayata a kashe. Da na fito na kunna, na tarar da kiran mahaifiyata, na tarar da na Hamadu. Ya faɗi a shago da hantsi, an kai shi asibiti, kafin la'asar ya cika. A ƙarƙashin waɗannan akwai saƙon murya daga wata lamba da ban sani ba. Gajere ne, ko numfashi biyu bai kai ba.

"Dakta. Ni ne. Ki ci abinci."

Babu ina wuni, babu littattafai. Baƙuwar lamba, "ni ne", ba gaisuwa: duk alamomin da na koya wa mutane su guje musu. Kuma wayarsa, da muka buɗe akwatin bayan jana'iza, tana ciki a datse, makullin yana wuyansa har aka yi masa wanka. To da me ya turo? Amma kuma ɓarayin ba su taɓa dawowa da buƙata ba, ko da yake wataƙila sun ji labarin rasuwar ne suka janye.

Na kira lambar, a kashe. Na sake kira bayan sati, a kashe. Na kai wa ɗan ajin namu saƙon, ya sa abin kunne ya saurara, ya duba a kwamfutarsa, ya girgiza kai. "Da bara ne, da na gaya miki. Bana na'urar tana numfashi, tana tari ma. Ba zan rantse ba." Mahaifiyata ta ce in goge in huta. Hamadu ya ce da aka ɗauki Kawu, shi ya tsaya rufe shago, bai san wa ya bi shi ba, mutane ne da yawa.

Ban goge ba, kuma ban iya yin kuka a kansa ba. In maganar Kawu ce ta ƙarshe, ina so in riƙe ta har in mutu. In kuwa na'urar ɓarayi ce, ba na so in ba ta hawayena, ta ci isasshe a gidanmu. Sai na riƙa kunnawa ina saurare kamar mai duba takardar jarrabawa, ina neman kuskure, ƙadangare yana kallona daga taga.

Da hutu ya zo na koma Garwa don mu kwashe abin da ya rage a shagon. Ina share ƙasa sai ga wata dattijuwa da ɗan buhun wake a ka, da sarƙar gicciye a wuya. Mama Marta ce, manomiya daga Ngong, cikin mutanen kan duwatsu da suka gangaro noma tun ina ƙarama. Ta daɗe tana kawo wa Kawu wake. Ta sauke buhun ta ce ba na sayarwa ba ne, na sadakar Alhaji ne, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa da wuri. Muka gaisa. Ta ce ranar da ya faɗi tana nan, ita ta riƙe kansa a cikin mota har asibiti.

Na jingine tsintsiyar. Na karanto mata lambar da na haddace.

"Tawa ce," ta ce. "Ɗana ya saya mini wayar. Tana cikin tukunya a gida, ba mu da wuta, ni kuma ban iya ta ba."

Kafin in gaya muku sauran, bari in yi yadda Kawu yake yi, in fara da abin da ya fi muhimmanci. Allah ya jiƙan Kawu Sale. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da Inna Hajara. Ya sa inda ya je a tarbe shi da sallama, a amsa masa har ƙarshe, kada kowa ya katse shi.

Na kunna mata saƙon. Na ce, "Mama, shi ne? Bai gaishe ni ba. Kawu bai taɓa yi mini magana bai gaishe ni ba."

Mama Marta ta kama haɓa, ta dube ni, idonta ya ciko.

"Wayyo 'yata. Ya ce in ba shi waya, ya faɗi lambarki da ka, wata nas ta saka. Hannunsa da allurar ruwa, ni na riƙe masa a baki. Ya gaishe ki, ya gaida littattafai, ya gaida buta. Har da wani ƙadangare, na ce zazzaɓi ya taɓa kan Alhaji. Ya daɗe yana yi. Sai nas ɗin ta dawo ta duba ta ce, Mama, ai ba ki danna ba. Da ta danna, abin da ya rage masa ke nan. Ya gaishe ki, 'yata, har numfashinsa ya ƙare. Ni ce ban danna ba."